Wutar da ke ƙona kwamfutoci a Boɗinga da Shagari: Wa zai biya asarar?

Ɗauke wuta ba ya tayar wa mai shagon kwamfuta hankali sosai. Ya saba: fanka ta tsaya, a ja tsaki, yaron shago ya fita ya ja igiyar janareta. Abin da ke sa gabansa faɗuwa shi ne dawowarta. Ƙwan fitila ya yi wani irin haske da ya wuce ƙima, a ji ƙara "fat" daga ƙarƙashin tebur, sai warin ƙonanniyar roba ya cika ɗaki. Ya danna maɓalli sau biyu, sau uku, allo ya ƙi kawo haske. A kan benci ga ɗalibi riƙe da takardunsa yana jiran a cike masa fom, ga malamin makaranta da ya kawo tambayoyin jarrabawa a buga masa, kuma aikin da aka kwana biyu ana yi yana cikin na'urar da ta mutu yanzun nan.

Duk mai sana'ar da ta jingina da lantarki a Boɗinga da Shagari, ƙananan hukumomi biyu da ke kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya san wannan wari. Mai cajin waya ya san shi, mai sayar da ƙanƙara ya san shi, mai aski ma haka. Amma na mai kwamfuta ya fi ciwo, domin bayan ƙarfen yana rasa abin da ke ciki: sunayen ɗalibai, sakamakon jarrabawa, takardun filaye, hotunan biki, lissafin ƙungiyar manoma. Firji idan ya ƙone, in da hali a sayi wani. Bayanan da suka tafi da faifan ajiya babu kasuwar da ake sayar da su.

Muhawarar lantarki a Najeriya kusan kullum a kan awa take tsayawa: awa nawa aka samu jiya, awa nawa aka yi alkawari. Ingancin wutar da aka kawo, wato ko ta zo daidai da abin da na'ura za ta iya ɗauka, ba kasafai ake jin sa a bakin jami'ai ba. Ga mai kwamfuta kuwa, awa huɗu na lafiyayyiyar wuta sun fi masa awa goma na wadda ke hawa da sauka.

Komai ya koma kwamfuta

Shekara ashirin da suka wuce, mutuwar kwamfuta a ƙaramin gari matsalar mai ita ce shi kaɗai. Yanzu ta zama matsalar gari. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, daga 2021 kuma sai da lambar NIN ake rajista. Neman aikin soja, ɗan sanda, kwastam ko shige da fice duk ta intanet ne. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 haka yake. A 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da cewa gwamnati na son WAEC da NECO su ma su koma kwamfuta.

Wayar hannu na iya wasu daga cikin waɗannan, amma ba duka ba. Akwai inda sai an ɗora hoto mai wani girma, akwai inda sai an buga takarda an sa hannu. Yaron Sifawa ko Dandin Mahe da ya tarar kwamfutar garinsu ta ƙone, abin da ya rage masa shi ne kuɗin mota zuwa Sakkwato, da wunin da zai ɓata, da fatan ba ranar ce za a rufe shafin ba. Gwamnati ta tura jama'a intanet da ƙarfi, amma ba ta waiwayi wayar da ke kai wa na'urar wuta ba.

Ita wannan wayar doguwa ce. Wutar yankin Sakkwato galibi daga Kainji take tasowa, ta bi babban layi zuwa tashar Birnin Kebbi, daga nan ƙaramin layi ya kawo ta Sakkwato, kafin a rarraba ta zuwa garuruwa. Kamfanin Kaduna Electric ne ke da alhakin rarrabawa a jihohin Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Wanda ke ƙarshen irin wannan layi duk abin da ya faru a hanya shi yake sha. A watan Satumbar 2023 gobara ta tashi a tashar Birnin Kebbi ta ci manyan taransifomomi, yankin ya faɗa duhu. A 2024 babban layin wutar ƙasa ya durƙushe fiye da sau goma. A farkon daminar 2025 guguwa ta kayar da turakun layin Kainji zuwa Birnin Kebbi. Kowace ɗaukewa tana da dawowa, kuma a ɗaukewar da dawowar ne na'urori ke jin jiki.

Yadda wuta ke kashe na'ura

Wutar gida a Najeriya an tsara ta a kan bolt 230. Kwamfuta kuwa a cikinta da ƙananan wuta take aiki, bolt 12, 5 da 3.3. Akwatin da ke wannan sauyi, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, shi ne ƙofar gida, kuma shi ne ke fara mutuwa. Mai kyau yakan mutu shi kaɗai, ya kare sauran. Mai araha yakan bar wutar ta wuce ta kai ga madabod, wato babban allon da komai ke ɗaure a jikinsa, ta taɓa faifan ajiya. Bambancin gyaran ƴan dubbai da sayen sabuwar kwamfuta sau da yawa a ingancin wannan akwati yake.

Akwai wutar da ke tsalle na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tsawa ce kan jawo ta, ko kunnawa da kashe manyan layuka, ko babban inji da ya tsaya a kusa. Farkon damina a Sakkwato, lokacin hadari mai iska da walƙiya, shi ne lokacinta. Ba lallai tsawar ta faɗa kan gida ba. Ta sauka kusa da layi ya isa, kuma tana iya shigowa ta wayar eriya ko ta intanet kamar yadda take shigowa ta soket.

Akwai kuma raunanniyar wuta, wadda ƙwan fitila ke ja kamar garwashi. Mutane na raina ta domin ba ta ƙara, ba ta wari. Amma idan ƙarfin wuta ya faɗi, fawa-fak sai ya ƙara zuƙa domin ya cike gurbi, zuƙar kuma zafi take haifarwa. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar ciki, wannan zafi yana dafa ƙananan kayan ciki a hankali. Kwamfutar da ta fara kashe kanta tana tashi ba dalili, sau da yawa wannan ne ciwonta, ko da mai ita ya rantse cutar intanet ce ta shige ta.

Ɗaukewa kwatsam ba kasafai take ƙona ƙarfe ba, bayanai take ɓatawa. Tsohon faifan ajiya yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, kuma idan wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu, abin da yake rubutawa ya tafi, wani lokaci har da taswirar da ke nuna inda sauran fayiloli suke. Sabon nau'in, SSD, ba ya juyawa, amma shi ma yana da tasa taswirar, kuma na kasuwa masu sauƙin kuɗi ba su da ajiyar wutar da za ta ba su damar ƙarasa rubutu. Mafi muni shi ne wuta ta yanke lokacin da Windows ke sabunta kanta. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, amma ta ƙi tashi, mai gyara kuma hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya goge komai ya sa sabo.

Babbar annobar, wadda ke ƙona kayan unguwa guda a dare ɗaya, wata ce daban, kuma ya kamata kowane mai shago ya fahimce ta.

Taransifomar unguwa wayoyi huɗu take fitarwa: uku masu ɗauke da wuta, waɗanda ake kira fes, da ta huɗu, nutural. Tsakanin kowane fes da nutural akwai bolt 230. Tsakanin fes da fes kuwa kusan 400 ne. Gida ko shago yana ɗaukar fes ɗaya ne da nutural. Ranar da nutural ta tsinke, ko ta saki saboda tsatsa, ko ɓarayi suka yanke ta don jan ƙarfen da ke ciki, babu sauran abin da ke riƙe ma'auni. Fes ɗin da aka ɗora wa kaya da yawa wutarsa ta faɗi, wanda ke da kaya kaɗan tasa ta haura, tana iya kusantar bolt 400. Shi ya sa ake ganin gidaje a layi ɗaya fitilunsu na ja, na gefensu kuma talabijin na hayaƙi. Wannan ba ta ƙiftawar ido ba ce, tana iya ɗaukar mintuna ko awanni har sai an kashe taransifomar.

Alamarta a bayyane take ga wanda ya sani: fitila ta ƙara haske daidai lokacin da maƙwabci ya kunna dutsen guga ko abin dafa ruwa, ta rage idan ya kashe. Wanda ya ga haka kada ya tsaya kallo, ya sauke babban makunnin gidan nan take. Muhimmancin wannan bayani ya wuce kare kaya. Tsawa daga Allah take, babu wanda za a kama. Tsinkewar nutural a kan turke ko a jikin taransifoma kuwa matsalar kulawa ce, kuma kayan suna da mai su.

Sai janareta, wanda ake gudu wurinsa, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ƙaramin janareta mai shan fetur haɗe da baƙin mai ba shi da abin daidaita wuta na kirki. Idan mai ya kusa ƙarewa yana tari, wutarsa na hawa da sauka tare da tarin. Injin hotokofi ko firinta mai amfani da garin tawada, duk lokacin da ya ɗumama ƙarfen da ke manna rubutu a takarda yana jan wuta mai yawa, janareta ya durƙusa, ya sake miƙewa da ƙarfi, kwamfutar da ke soket ɗaya da shi ta sha duka biyun. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, masu shago da yawa cokali-cokali suke zuba mai, don haka janareta ya fi yawan mutuwa a tsakiyar aiki.

Akwai wani ƙaramin tarko da ke cin sababbin shiga. Wasu tsofaffin kwamfutocin tebur na hannu suna da ɗan jan maɓalli a baya mai lamba 115 da 230. Wadda aka yi amfani da ita a Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, tana iya zuwa a kan 115. A jona ta haka a Boɗinga, ƙara ɗaya za ta yi.

Kuɗin gyara

Babu ɗaya daga cikin kayan nan da ake ƙerawa a Sakkwato. Daga waje suke zuwa, su sauka Legas, a Ikeja ko Alaba, wasu su biyo ta Kano, ta titin Beirut da Farm Centre, kafin su iso. Farashinsu da dala yake tafiya. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya a hukumance tana wajen naira 460. A 2024 ta haura 1,500. Abin da ke dala 20 ke nan ya tashi daga kusan naira 9,200 zuwa 30,000, tun kafin a sa kuɗin mota da ribar ɗan kasuwa. Kuɗin buga shafi ɗaya kuwa bai ninka sau uku ba, domin mai kawo aikin ma aljihunsa bai ninka ba.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Mai shago ya sayi fawa-fak mafi araha, wanda ba zai kare madabod ba. Ya sayi cajar kwamfutar cinya ta jabu, mara nauyi kamar fanko. Karo na gaba asarar ta fi ta baya. Araha ba ta ado, amma wanda jarinsa ya ƙone jiya ba shi da zaɓi da yawa yau.

Laifin wa?

Masu kare kamfanonin rarraba wuta suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa jama'a ba sa biyan kuɗi, ana satar wuta ta bayan mita, ana rataya waya a layi da dare, ana sace kayan taransifoma a unguwar da kowa ya san kowa. Da me za a yi gyara? Gaskiya ne kuma kamfanin yankin ya daɗe cikin matsin kuɗi: a Janairun 2024 hukumar NERC ta rushe hukumar gudanarwarsa saboda bashin da ya kai naira biliyan 110. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Unguwar da kowa ke hawa turke yana sauya fes da kansa duk lokacin da nasa ya ɗauke, ita ce ke ɗora wa fes ɗaya kaya ta bar biyu, ita ce ke sassauta mahaɗar wayoyi, kuma ita ce za ta fara kuka ranar da abin ya fashe.

Amma wannan hujja ba ta wanke kowa daga haƙƙin wanda ya biya. Mai shagon da ke biyan kuɗinsa duk wata bai sayi wutar da za ta ƙone masa jari ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Duba mahaɗar nutural, auna nauyin da ke kan kowane fes, tabbatar da wayar ƙasa ta taransifoma tana nan, duk ba ayyukan biliyoyi ba ne. Ayyukan ma'aikaci ne da tsani da abin awo.

Tsarin farashin da ake bi ma ya taimaka wajen ɓoye matsalar. An kasa masu amfani da wuta rukuni biyar bisa awa: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B 16, C 12, D 8, E 4. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga farashin rukunin A zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, kuma idan layi ya kasa cika awanninsa hukumar na iya sauke shi daga rukunin. To, awa ake ƙirgawa. Layin da ya ba da awa takwas na wutar da ba ta iya tayar da fanka, a takarda ya cika alkawari. Ya kamata NERC ta riƙa tilasta auna ƙarfin wuta a ƙarshen dogayen layuka irin na karkarar Sakkwato, ta riƙa wallafa sakamakon kamar yadda ake wallafa awanni, domin abin da ba a aunawa ba a hukunta kowa a kansa.

Su ma masu kaya akwai nasu. Da yawa da zarar abu ya ƙone sai a ce ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri, a share toka a ci gaba. Yarda da ƙaddara bai hana neman haƙƙi ba. Akwai hanyar ƙorafi a rubuce: a fara da sashen karɓar koke na kamfanin, wanda ke da kwanakin aiki 15 ya warware, in bai yi ba a wuce ofishin sauraren koke na NERC da ke Sakkwato, daga nan zuwa hedikwatar hukumar a Abuja. Ba duk wanda ya rubuta za a biya ba, kuma mutum ɗaya da ƙonanniyar caja a leda zai sha wuyar nuna cewa ba wayar gidansa ce ta jawo ba. Amma gida talatin a kan taransifoma ɗaya, da rana ɗaya, da awa ɗaya, da hotunan kayan, da takardar mai gyara, da rasidin biyan kuɗin wuta, wannan shaida ce mai wuyar turewa. Masu unguwanni da ƙungiyoyin ƴan kasuwa da ke iya tara kuɗin gyaran taransifoma cikin kwana biyu, za su iya tara sa hannu cikin wuni ɗaya.

Abin da ke karewa da abin da ba ya karewa

A nan ma akwai ruɗani, kuma ƴan kasuwa na cin moriyarsa. Doguwar soket mai baki biyar da jar fitila, yawancinta soket ce kawai. Mai kariya ta gaske tana da wani ɗan abu a ciki mai kama da kwabo, wanda ke shanye tsallen wuta na ƙiftawar ido. Yana tsufa da kowane duka har ya daina aiki ba tare da ya sanar ba, kuma bai iya komai a kan bolt 400 na tsinkewar nutural, shi ma ƙonewa zai yi. Ƙari a kan haka, cikakkiyar kariyarsa na buƙatar wayar ƙasa, wadda shaguna da yawa ba su da ita sam, domin wanda ya ja wayar ya ga waya biyu sun isa kunna fitila. Hukumar NEMSA na ba masu aikin wuta shaidar ƙwarewa, amma mutum nawa ne ke tambayar ta kafin ya ba da aiki?

Sitabilaiza tana ɗaga raunanniyar wuta ta sauke mai yawa, iya gwargwadonta. Ba ta da saurin tare tsawa, kuma idan wuta ta ɗauke ita ma ta ɗauke. UPS ne ke riƙe kwamfuta ƴan mintuna a adana aiki a kashe ta cikin natsuwa. Sai dai batirinsa ba ya son zafi: an auna rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin digiri goma na rage ta da kusan rabi. A ɗakin kwano a Shagari cikin watan Afrilu, UPS ɗin da ba a sauya wa batir ba ya zama akwatin ƙara kawai. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zare shi daga bango a ga ko zai riƙe. Kuma ba a jona masa injin hotokofi.

Abin da ya fi dacewa da irin ciwon yankin, kuma bai kai sauran tsada ba, shi ne ƴar na'urar nan da ake sa wa firji, wadda ke yanke wuta idan ta haura ko ta faɗi fiye da ƙima, ta kuma jira ƴan mintuna bayan an dawo da ita kafin ta buɗe. Akwai babbarta da ake ɗaurawa a allon shigowar wuta ta kare shago gaba ɗaya. Wannan jiran shi ne maganin mintunan farko na dawowar wuta. Wanda bai da ita yana da hannunsa: a zare komai da zarar an ɗauke, a jira wuta ta zauna kafin a mayar, a zare idan hadari ya haɗu.

Bayanai kuma maganinsu kwafi ne. Filashi ko faifan waje da ake zarewa a ajiye a aljihun tebur, ba wanda ke maƙale a jikin kwamfutar dare da rana ba, da kuma ajiyar intanet ga muhimman takardu. Makarantar da sakamakon ɗalibanta na shekara biyar ke cikin kwamfuta ɗaya tak, ba ta da wanda za ta zarga sai kanta.

Ga mai sabon jari, kwamfutar cinya ta fi ta tebur dacewa da irin wannan wuri. Batirinta UPS ne da ya zo da ita, cajarta ce ke karɓar duka, kuma wat 45 zuwa 65 ya ishe ta, alhali ta tebur da allonta na iya cin ninki biyu ko uku. Biyar daga cikinsu ba su wuce ƙarfin matsakaiciyar sola ba.

Kyautar kwamfuta ba tare da wuta ba

Inda abin ya fi ban takaici shi ne kayan gwamnati da na ƴan siyasa. An saba ganin bikin miƙa kwamfutoci ga makaranta ko asibiti: a jera su a tebur, a yanka kyalle, a ɗauki hoto. A jerin kayan da aka saya ba kasafai ake ganin kuɗin wayar ƙasa, ko na'urar yanke wuta, ko sauya batir bayan shekara ba. Irin wannan ɗaki ƙarshensa a lulluɓe da leda, shugaban makaranta na tsoron kunnawa kada su ƙone a hannunsa a ce shi ne. Haka taransifomar kyauta da ake dasawa gab da zaɓe, wadda ba a tabbatar an yi mata wayar ƙasa da fiyus na ƙwarai ba.

Bai kamata wata ƙaramar hukuma ko ma'aikata ta sa hannu a kwangilar kwamfuta ko guda goma ba sai da wutarta a cikin takardar: sola da batir daidai nauyin kayan, kariya a allon shigowa, wayar ƙasa da aka auna, da sunan wanda zai kula da su na shekara uku. In kuɗin bai isa ba, gara kwamfuta ashirin masu aiki da hamsin na hoto.

Rana dai ba ta yi wa Sakkwato rowa ba, ilimin ma yana kusa. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana aiki a kan hasken rana tun farkon shekarun 1980, zamanin da ɗan garin Shagari, Alhaji Shehu Shagari, ke shugabancin ƙasa. Dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar kafa tasu hukumar da kula da kasuwar wutarsu, jihohi irin su Inugu, Ekiti da Ondo sun riga sun karɓa. Sai dai jihar da ta fara tashar wuta mai megawat 38 tun 2008, zamanin Aliyu Magatakarda Wamakko, aka shafe fiye da shekara goma ana maganar kammala ta, tana da dalilin fara wa daga ƙananan abubuwan da za a iya gamawa: sola a sakatariyar ƙaramar hukuma, a babban asibiti, a ɗakin kwamfutar sakandare.

Ɗakin sakandaren ne ya fi gaggawa. Idan WAEC da NECO suka koma kwamfuta gaba ɗaya, ɗaliban Boɗinga da Shagari ko dai a kwashe su a mota zuwa Sakkwato kowace safiya har tsawon makonnin jarrabawa, ko su rubuta a garinsu. Ta WAEC kuma a watannin Mayu da Yuni ake yin ta, daidai lokacin da zafi ke cin batir, hadarin farko kuma ke kayar da turaku.